Daga Tawa Zuwa Sao Tome da Principe: Jagorar Tafiyar Kallon Tsuntsaye

Wanda ya tashi a Tawa ko Yamai ya saba hango tsuntsu tun daga nesa, domin ƙasarmu fili ce, itatuwanta a warwatse suke, kuma shamuwa idan ta sauka bisa gawo da farkon damina, lokacin da ya kaɗe ganyensa, ko mai raunin gani zai iya nuna ta da yatsa. Wannan sabo shi ne yake fara kunyata ɗan Sahel ranar da ya shiga kurmin Sao Tome, inda tsuntsu zai yi ta kuka a saman kansa, amma ya share rabin sa'a yana ɗaga wuya bai ga ko gashinsa ba. A can kunne ne yake gaba, ido yana biye, kuma duk shirin da za a zayyana a nan an gina shi ne a kan wannan bambanci.

Tsibiran biyu ƙasa ɗaya ce da ta sami ƴancin kai daga Fotugal ranar 12 ga Yulin 1975. Suna cikin mashigin tekun Gini, fiye da kilomita 200 daga gaɓar Gabon, a kan jerin duwatsun aman wuta da ya taso daga Kamaru ya shiga teku. Ba su taɓa haɗuwa da sauran ƙasar Afirka ba, kuma babu mazauna a cikinsu sa'ad da Turawan Fotugal suka iso wajen 1470. Tsuntsayen da iska ta jefa can tun zamanin da suka rayu a keɓe har suka sake kama, shi ya sa ƙasar da faɗinta kusan murabba'in kilomita 1,000 ne kawai take da jinsuna kusan 28 waɗanda ba a samun su a wani wuri a duniya. Akwai kabare mafi girma a cikin danginsa, akwai sha-kauci da ya ninka namu, akwai kuma ɗan'uwan jinjimi da ya ƙanƙance har ya zama mafi ƙanƙanta a cikin nasa dangin. Da na gaya wa kawuna dalilin tafiyata, cewa ya yi, "Ɗana, tsuntsayen Tabalak sun ƙare ne?" Ba su ƙare ba, kuma daga gare su ya kamata a fara.

Horon ido da kunne tun daga gida

Aƙalla wata uku kafin tafiya, ka mallaki madubin hangen nesa, ka kuma saba da shi. Wanda ya dace da kurmi shi ne mai lamba 8x42: lambar farko tana nufin yana kusanto da abu sau 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42, wanda yake tara isasshen haske a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Mai lamba 10 ko 12 yana burge mutum a shago, amma yana rawa a hannu, kuma abin da yake nunawa ƙunci gare shi, ga shi tsuntsun kurmi ba ya tsayawa a neme shi. Ka tabbatar an rubuta a jikinsa cewa ruwa ba ya shiga, domin wanda bai da wannan kariya zai yi hazo daga ciki tun kwana na biyu.

Mutumin Tawa ya nufi tafkin Tabalak da sassafe, na Yamai kuma ya bi gefen kogin Isa ko gonakin shinkafa na Saga. Abin da ake son hannu ya koya abu ɗaya ne: idan ka ga motsi da idonka, kada ka kawar da ido daga wurin, sai dai ka ɗago madubin ya tarar da idon a inda yake. Ka fara da zalɓe da balbela da kirinjijiya, waɗanda ba sa gaggawa, sannan ka koma ga ƙananan da suke tsalle a cikin bagaruwa da mangwaro. Bayan haka ka riƙa rufe ido na minti biyar kana ƙirga muryoyi nawa kake ji, kana ƙoƙarin nuna inda kowace take fitowa.

Littafin gane tsuntsayen Afirka ta Yamma na Nik Borrow da Ron Demey ya haɗa da waɗannan tsibirai, kuma akwai shi da Faransanci. A shafin xeno-canto ana samun muryoyin tsuntsaye kyauta. Ka sauke na jinsunan tsibiran a wayarka, ka riƙa saurarensu kullum bayan sallar asuba har ka iya bambance goma ko goma sha biyar ba tare da duba suna ba. A ganina wannan aiki na kyauta ya fi sayen kyamara mai tsada amfani nesa ba kusa ba.

Zaɓen lokaci

Ruwan da Yamai take samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, na Tawa ma bai kai haka ba, alhali kudu maso yammacin Sao Tome, inda tsuntsaye mafi wuyar gani suke, yana haura milimita 5,000. Don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne ranin da suke kira gravana, daga Yuni zuwa Satumba, wanda ya yi daidai da daminarmu da kuma babban hutun makarantu. Akwai wani ɗan gajeren sassauci wajen Janairu da Fabrairu mai suna gravanito. Kalmar rani kada ta ruɗe ka, domin ko a gravana ana yin ruwa a kurmin kudu, sai dai koguna sun fi ƙetaruwa, hanyoyi kuma sun fi biyuwa.

Takardu, jirgi da kuɗi

Wannan tafiya ba irin ta Wagadugu ba ce da katin ɗan ƙasa yake wadatarwa. Ana bukatar fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata shida, da izinin shiga da ake nema ta intanet kafin a tashi. Ka buga takardar izinin ka riƙe a hannu, kada ka dogara da hoton waya. Katin rigakafin shawara dole ne ga wanda ya fito daga Nijar, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Akwai zazzaɓin cizon sauro a tsibiran, saboda haka ka ga likita ya rubuta maka maganin kariya, kada ka ce jininka ya saba.

Babu jirgin da yake tashi kai tsaye daga filin jirgin Diori Hamani zuwa Sao Tome. Jiragen da suke sauka can daga Libarbil, Akra, Luwanda ko Lisbon suke fitowa, don haka ɗan Nijar yakan bi ta Lome ko Abijan ya kai Libarbil ko Akra. Ka nemi a haɗa maka tafiyar a tikiti ɗaya, domin idan jirgin farko ya makara, alhakin sama maka wani yana kan kamfanin. Idan kuma zangon zai sa ka kwana a wajen filin jirgi, ka binciki ko ƙasar tana neman bizar wucewa.

Kuɗin ƙasar sunansa dobra, kuma an ɗaure shi da yuro kamar yadda aka ɗaure sefa: yuro 1 dobra 24.5 ne, a wajenmu kuma sefa 655.957. Ke nan dobra 1 ya kusa sefa 27, yuro 100 kuma, wato jikka 65 da ɗoriya, zai ba ka dobra 2,450. Ka canja kuɗinka zuwa yuro tun a Yamai, ka nemi ƙananan takardu na 10 da 20, domin katin banki ba ya aiki a yawancin wurare, kuma sefar Afirka ta Yamma ba ita ake kashewa a Libarbil ba duk da cewa darajarta ɗaya da tasu. Idan aljihu ya matsa, ka rage a wajen masauki, kada ka rage a yawan kwanaki ko a ladan jagora. Ɗakin da za ka shiga bayan magariba ka fita kafin asuba bai cancanci rabin guzurinka ba.

Kayan da suke jure laima

A nan na yi kuskuren da ba na so wani ya maimaita. Na tafi da kilishi mai kyau da na saya a Yamai, irin wanda yake wata uku a ɗakinmu bai canja ba, na kuma sa takalmin fata ɗinkin Tawa a ƙasan jaka. A rana ta huɗu na buɗe takardar kilishin na tarar ya yi laushi kamar tsumma, farar hunhuna ta rufe gefensa, takalmin kuma ya yi tsanwa kamar an shafa masa kuka. Abin da ya tsira shi ne dabino da ƙuli-ƙulin da matata ta ɗura a cikin gorar roba mai murfi.

Saboda haka komai ya shiga leda mai zif: fasfo, kuɗi, waya, littafi, batirin ajiyar caji. Ka tara ƴan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka zuba su a ledar da madubi da kyamara za su kwana. Tufafi su kasance masu duhun launi, kore ko ruwan ƙasa, na yadi mai saurin bushewa, domin auduga idan ta jiƙe a kurmi ba ta bushewa, farar riga kuma tana korar tsuntsu tun daga nesa. Ka ɗauki takalmin roba mai tsawo zuwa gwiwa, da safa da yawa, da rigar ruwa, da tocilar da ake ɗaurawa a goshi, da maganin shafawa na korar sauro. Rubutu da fensir za ka yi, domin tawadar biro tana narkewa. Soket ɗinsu irin namu ne. Jakar kuma kada ta yi nauyi, domin ƙaramin jirgin da yake zuwa Principe yana da tsauri a kan awon kaya.

Neman jagora

Ba a shiga gandun dajin Obô, kurmin da ake kiyayewa wanda aka kafa a 2006, ba tare da jagora ba, kuma ko da an yarda, wauta ce. Sai dai jagoran hawan dutse daban, jagoran tsuntsaye daban. Tun kafin ka tashi ka nemi masaukinka ko ofishin gandun da yake Bom Sucesso su haɗa ka da wanda ya san muryoyi, ka tambaye shi yaushe rabonsa da ganin jinsuna uku mafi wuyar gani na kurmin kudu, wato galinhola, picanço da anjolô, da kuma a ina. Ku daidaita a rubuce a kan ladansa na kowace rana, da na masu ɗaukar kaya, da mota, da tanti, da abinci. Harshen ƙasar Fotugisanci ne, amma wasu jagorori suna jin Faransanci. Ka haddace sunayen da mutanen wurin suke kiran tsuntsayen da su, domin da su jagora zai raɗa maka: galinhola shi ne ƙaramin jinjimi, picanço ɗan'uwan suda ne, anjolô shi ne ƙaton kanari, camussela kuma babban kabare.

Tsarin kwanaki

Kwana 12 shi ne mafi ƙarancin abin da nake ba da shawara. Agogonsu yana bayan namu da sa'a ɗaya, rana tana fitowa wajen ƙarfe biyar da rabi, ta faɗi wajen biyar da rabi na yamma kusan duk shekara, don haka wanda bai kasance a bakin daji da ƙarfe biyar ba ya yi asarar sa'o'i mafi albarka.

Ranar farko ta zama ta sabo. A cikin babban birnin ma za ka ji ɗan tsuntsun da suke kira truqui yana kaɗa fukafukai da ƙara kamar ana ƙyasta yatsa. Da yamma ka nufi arewa wajen Lagoa Azul, inda ƙasa take da ciyawa da itatuwan kuka har mutum ya ɗauka yana hanyar Konni ne, in ban da teku da take gabansa.

Rana ta biyu da ta uku na tudu ne. Daga lambun Bom Sucesso, mai tsayin fiye da mita 1,000, ana taka ƙafa ta cikin gonaki a shiga kurmi har bakin tsohon ramin aman wuta na Lagoa Amélia. A wannan hanya ake tara yawancin jinsunan tsibirin masu sauƙin gani, har da babban sha-kauci baƙi mai dogon baki da yake bin kututture yana tono ƙwari a cikin gansakuka. Akwai sanyi a can, ka riƙe rigar ɗumi.

Bayan haka ka tafi Principe, kada ka bar shi ƙarshe. Tafiyar ba ta kai sa'a ɗaya ba, amma jirgin ƙarami ne, kujeru kaɗan, kuma akan ɗaga tashinsa. Ni kaina an taɓa mayar da ni masauki da jakata a hannu. Wanda ya sa Principe a ƙarshe yana iya rasa jirginsa na komawa gida. Kwana huɗu sun isa. UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu a 2012, kuma tun a kewayen garin Santo António za ka ga aku suna wucewa garke-garke da jajayen wutsiyoyinsu, abin da yawancinmu ba mu taɓa gani ba sai a keji. Kudancin tsibirin ba shi da mazauna, kuma can ne wata ƙaramar mujiya take, wadda masana ba su tabbatar da ita da ido ba sai 2016, aka kuma raɗa mata sunan kimiyya Otus bikegila a 2022 don girmama wani jagora da ake yi wa laƙabi da Bikegila, wanda a da sana'arsa kamun aku ce. Kukanta gajere ne, tana maimaita shi kusan sau ɗaya a daƙiƙa, har mutum ya zaci gyare ne. Ganinta yana bukatar jirgin ruwa da kwana a daji. Tsibiran Tinhosas, kimanin kilomita 20 daga gaɓa, su ne matattara mafi girma ta tsuntsayen teku a wannan mashigi, amma zuwa can sai teku ta kwanta, kuma wanda iyakar saninsa da ruwa shi ne kwalekwalen kogin Isa ya sha maganin hana amai kafin ya hau.

Kurmin kudu, inda tafiyar take biyan kuɗinta

Da ka dawo Sao Tome, ka ware kwana uku don yankin Monte Carmo. Ana bin hanyar gaɓa ta São João dos Angolares, a ratsa gonakin kwakwar manja, inda dutsen Cão Grande yake tsaye kamar taɓarya idan gajimare ya yaye, sannan a bar mota a hau da ƙafa a kafa tanti. Jinsuna uku ake nema a nan, kuma dukkansu suna gab da ƙarewa a duniya.

Galinhola a ƙasa yake kiwo, yana caccakar laka, musamman inda aladun daji suka yi tono. Da rana shiru yake yi, yawanci sai dai ka ji fuka-fukinsa ya tashi ya sauka a reshe, amma da magariba yana kuka a hanyarsa ta zuwa makwanci. Picanço baƙi ne a baya, fari mai ɗan rawaya a ciki, da doguwar wutsiya. Bayan 1928 ba a sake ganinsa ba sai 1990, kuma da fitonsa mai tafiya nesa ake gano shi. Anjolô ya fi su wuya. Gawarwaki uku kacal masana suka mallaka, waɗanda Francisco Newton ya tara tsakanin 1888 da 1890, sannan aka shafe shekara ɗari babu labarinsa har 1991.

Safiya biyu muka yi a gindin itace ɗaya mai ƴaƴa muna jiransa, ruwa yana ɗiga daga hulata zuwa cikin wuyan riga. A ta biyu jagoran ya ɗaga tafin hannu ba tare da ya juyo ba, ya nuna kunnensa, sannan na ji wani gajeren fito mai kauri. Minti goma ban ga komai ba sai ganye, har wani reshe ya ɗan sunkuya, na ɗago madubi a kan wurin, sai ga tsuntsu ja-ja mai duhu kamar goron da aka tauna, da kai babba da baki mai kauri, yana murƙushe ƙwallo ɓawon yana zubowa. Bai yi rabin minti ba ya tafi. Ka kiyaye, akwai wani ɗan'uwansa ƙarami mai kama da shi da yake ko'ina a kurmin, kuma masu ɗoki da yawa sun rubuta shi a matsayin anjolô. Girman baki da na kai su ne shaida.

Tafiya a irin wannan wuri taku kaɗan ce da tsayuwa mai yawa. Mutanen ƙasar suna da kalmar da ba ta barin bakinsu, leve-leve, wadda ita ce sannu-sannu tamu. Ka bi bayan jagora, ka bar magana, ka sa ƙafa inda ya sa, kada ka dafa kututture ko ka tura hannu a rami ba ka duba ba, domin akwai baƙin kumurci mai mugun dafi da suke kira cobra preta a Sao Tome, kodayake babu shi a Principe. Kunna muryar tsuntsu daga waya don a jawo shi yana sa ya bar kiwo ko sheƙa ya zo neman abokin gaba, saboda haka ka bar wannan hukunci a hannun jagora, kuma da zarar an ga tsuntsun a kashe. Duk abin da ka gani ka rubuta nan take: lokaci, wuri, tsayin reshe, girmansa idan an gwada da kurciya ko kabare, siffar baki, da abin da yake yi.

Abinci da ibada

Yawancin mutanen ƙasar Kiristoci ne mabiya Katolika, Musulmi ƴan tsiraru ne, don haka kifi shi ne mafita, kuma yana da yawa. Ana cin sa da ayaba, da gwaza, da wata miyar ganye da manja mai suna calulu. Ka koyi cewa sem porco, wato ban da alade, da sem vinho, ban da giya, ka kuma gaya wa mai dafa abincin sansani tun kafin ya yi cefane. Alƙibla a can ta fi karkata arewa maso gabas fiye da yadda muka saba a Tawa, don haka ka duba ta da waya tun kana da layi, ka riƙe leda mai faɗi da za ka shimfiɗa a ƙarƙashin darduma.

Dawowa

Kada ka karɓi aku ko da kyauta aka ba ka, domin tun farkon 2017 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma ana iya tsare ka a filin jirgi. Ka kashe ragowar dobra kafin ka tashi, tunda babu mai canja ta a Yamai. Da ka isa gida, ka shanya tufafi da jaka a rana, amma madubi da kyamara a inuwa mai iska za ka buɗe su, ka kuma share ƙura da buroshi mai laushi kafin ka goga gilashin da ƙyalle, domin yashinmu yana karce shi. Ka shigar da jerin abin da ka gani a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye suke tara abin da suka gani, da kwanan wata da wuri, tun rubutun fensirin yana karantuwa. Ka ƙarasa maganin kariya yadda likita ya tsara, kuma idan zazzaɓi ya kama ka a makonnin da suka biyo baya, ka je a gwada jininka a ranar, ka gaya wa likita inda ka fito.